Bazazzage, Ina Ruwan Bagajar da Ka Ɗebo Mana?

Zuwa ga bawana, Bazazzagen Tarauni. Gaisuwa irin ta ubangida, tare da fatan kumburin ƙafa ya sace, kuma bakanike ya sako maka motar.

Labari ya iso majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi cewa kana bin rumfunan Kasuwar Tarauni ɗaya bayan ɗaya kana ba da labarin tafiyar da muka yi, wai ka kai Bakano makaranta, ka nuna masa inda aka haifi Hausar boko. To, tunda ka zaɓi ka kai ƙararka gaban masu tumatir da 'yan kaji, ni kuma zan kawo tawa wannan fili, masu karatu su yi mana alƙalanci. Ba zan ƙara gishiri ba, don miyar da gishirinta ta zo.

Ga waɗanda ba su san mu ba, wannan bawan Allah ya shigo Kano da jaka ɗaya tun yana saurayi. Ya ci gurasarmu har ya ajiye tumbi, muka ba shi 'yarmu, ya gina gida a Tarauni, amma har gobe in ya buɗe baki sai ya ce Zariya ce birnin ilimi, Kano kuwa kasuwa ce da aka zagaye da ganuwa. Babban makaminsa kullum shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam. Ko musun ƙwallo ake yi a teburin mai shayi, sai ya san yadda ya karkato da zancen ya ce, “To a ina aka rubuta Magana Jari Ce? A ina aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo? Ku Kanawa in ban da rasit me kuka taɓa rubutawa?” Shekara da shekaru ina haƙuri, don an ce babba juji ne.

Rannan sai ga ka da sabuwar dabara. Wai ka ji a rediyo yadda mutanen wasu ƙasashe ke cika mota da mai su bi sawun marubucin da suke ƙauna, daga gidan da aka haife shi, zuwa makarantar da ya yi, har inda aka binne shi. Wannan kam gaskiya ka ji. A Landan, gidan da Charles Dickens ya zauna a titin Doughty ya zama gidan tarihi tun 1925, mutane na biyan kuɗi su shiga su ga teburin rubutunsa. A Alƙahira ma an buɗe wa Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, nasa gidan tarihin a 2019, daf da Masallacin Azhar. Ka ce mu ma mu yi wa Imam haka: Kagara inda aka haife shi, Katsina inda ya yi karatu, Zariya inda ya yi aiki. Ka ce kai ne jagora, kai ne direba, kai ne malamin tarihi, ni kuma aikina in zuba mai. Jama'a kun ji rabon aiki irin na Zage-zagi.

Ka zo ɗaukata da sassafe a bakin Titin Zariya. Masu karatu na nesa su sani, wannan titi shi ne ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi, ya taso daga Dangi, ya wuce ta gaban Asibitin Malam Aminu Kano, ya bi Unguwa Uku da Na'ibawa ya fita gari. Magabatanmu sun sa masa wannan suna ne don duk Bazazzagen da ya ƙoshi ya gane hanyar gida ba sai ya yi tambaya ba. Har yau muna jiran wanda zai fara cin moriyar wannan alheri.

Motar kuwa, Allah ya jiƙan ƙuruciyarta. Ƙofar gefena da igiya ake ɗaure ta, gilashin gefenka da sukudireba ake tokare shi, in za ta tashi sai an tara yaran layi. Na leƙa but na ga jarkoki cike da ruwa, na tambaye ka na mene ne, ka ce guzuri ne. Ba mu kai Kwanar Dawaki ba na gane guzurin lagireto ne. Kafin gadar Tamburawa ta sha, a Kura ta sha, a Kwanar Gafan sai da masu tumatir suka taimaka mana da bokiti. Duk inda ta ɗau zafi sai ka fito ka ɗaga bonet, ka riƙe ƙugu, ka ce man da na saya ne ba shi da kyau.

A kan dashbod ka ɗora hujjarka: tsohon Magana Jari Ce na ɗaya, bango ya tafi, an ɗinke gindinsa da zaren buhu, shafukan farko sun sha manja har ana hango rubutun baya ta gaba. Na buɗe, sai ga hatimin wata makarantar firamare, da gargaɗi da jan biro cewa ba a fita da shi daga ofishin hedimasta. Na tambaye ka, ka ce aro ka yi. Aron da ya kai mutum har ya yi furfura, mu a Kano wani suna muke kiran sa. Ashe kuma wannan hali ba a kanka ya fara ba, gado ne, zan kuwa kawo shaidu.

Tun daga Ciromawa har Tashar Yari bakinka bai huta ba. Da na yi ƙorafi sai ka ce ai kai ne akun tafiyar. To shi aku a littafin nan yana da dalilin surutunsa. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci a gida, ɗan sarki Musa na neman ya sulale ya tafi fagen fama, shi kuwa aku ya riƙa tsare shi da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya faɗa tarko. Surutun aku ya ceci ran ɗan sarki. Naka surutun abin da ya jawo mana shi ne ka afka rami da tayar gaba, ga safaya ba iska, muka zauna gindin bishiya muna shan rake muna jiran mai faci. A nan ma ba ka bar ni ba. Don na taya rake na nemi ragi, sai ka ce wa mai raken ya yi haƙuri, Bakano ko maƙabarta ya je sai ya tambayi kuɗin fili. Na ji, na kuma rubuta a cikin bashin da nake bin ka.

Da muka sauka Kwangila ka gyara zaman hula, ka ce in nutsu, na shigo birnin ilimi. Na ce madalla, kai mu gidan Imam. Nan fa ido ya raina fata. Ka yi dama, ka yi hagu, muka riƙa zaga Tudun Wada har wani mai lemo ya fara yi mana sannu da dawowa. Daga ƙarshe ka zare sukudireba, gilashi ya faɗa, ka tambayi wani ɗan acaɓa. Yaro ya ce, “Wane Imam, Baba? Na wane masallaci?” Sai ka dubi sama ka ce rana ta yi, mu fara zuwa gidan gwaggonka a cikin birni. Muka shiga ta Ƙofar Doka, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fate yana tururi, ya ji rama da gyaɗa da albasa. Ina shaida wa duniya faten ya yi daɗi, Allah ya saka wa gwaggo da alheri. Amma ban baro Kano don in ziyarci fate ba.

Abin da ka iya nunawa ba tare da tambaya ba shi ne maɗaba'ar Gaskiya, ita kuwa ko baƙon jiya a Zariya ya san ta. Ka tsaya a gaban ginin, ka buɗe hannuwa, ka ce, “Bakano, ga inda aka haifi Hausar boko.” To tsaya in ba ka tarihin da ba ka gaya wa masu tumatir ba.

Hukumar Fassara, wadda ita ce uwar duk wannan aiki, a Kano Turawa suka kafa ta a 1929. Daga baya aka ɗauke ta aka kai Zariya, ta zama Hukumar Talifi a hannun Dokta Rupert East. Aro na farko ke nan. Kafin ita ma, makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Arewa, ta Ɗan Hausa, a Nasarawar Kano aka yi ta a 1909. Gidansa na nan har yau, in ka ga dama gobe in kai ka a Adaidaita Sahu, ba sai mun ɗauki jarka ba.

A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, aka sa gasa. Littattafai 5 aka buga daga cikinta. Akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗan Kagara mai koyarwa a Midil ta Katsina, yana da shekara 22 kacal. Akwai Ganɗoki na yayansa, Malam Bello Kagara. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin Bauchi. Akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka ƙasar da ya fito. Sai Jiki Magayi na John Tafida, shi ne naku, kuma littafi ne mai kyau, ba na musu. Sai dai a bangonsa akwai sunan East a gefen nasa. Kowa ya shiga jarrabawa shi kaɗai, naku ya shiga tare da mai duba takardun. Ni dai ban ce komai ba.

Shi kansa Imam ba da ƙafarsa ya zo Zariya neman ilimi ba, aika masa aka yi. East ya ga hannunsa a Ruwan Bagaja, ya nemi Katsina ta ba da aronsa. A 1936 ya zo ya yi wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3, aka fara bugawa a 1937, shi kuma ya koma ajinsa. Aro na biyu ke nan. Da ƙamshin yaƙi ya fara tasowa daga Turai, jita-jita ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila, gwamnati ta ga tana bukatar jaridar da za ta yi wa talaka magana da harshensa, sai aka sake kiran sa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939 yana editanta na Hausa, ya riƙe ta shekara 12. Wannan karon ba ku mayar da kayan aro ba. Kamfanin Gaskiya da ka tsaya a gabansa kana buɗe hannuwa sai a 1945 aka kafa shi, wato Imam ya girme shi a aikin. Bayansa aka yi hukumar talifi ta NORLA, sannan a 1966 aka kafa NNPC, ta littattafai ba ta man fetur ba, wadda ta gaji buga littattafansa.

Sannan ka buɗe kowane shafi na Imam ka karanta da ƙarfi. Za ka tarar mace na nan a macenta, namiji a namijinsa. Mutum ya zauna a cikinku shekaru masu yawa, ya sha ruwanku, amma ko sau ɗaya alƙalaminsa bai zame ya ce matata ya dawo daga kasuwa ba. Daidaitacciyar Hausar da jaridar nan ta yaɗa, a kan karin harshen Kano aka gina ta, kuma ko a Samaru haka malaman jami'arku ke koyarwa. Injin a garinku yake, na yarda. Bakin da injin ya buga kuwa namu ne.

Daga Zariya shirinka shi ne mu faɗa Kaduna, mu bi ta Birnin Gwari da Pandogari mu sauka Kagara, in hali ya yi mu ƙarasa Tegina da Kwantagora, garin da Alhaji Imam na cikin littafin Ruwan Bagaja ya baro don neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Tun a Kano kake bugun ƙirji, wai kai jikan mayaƙan Sarauniya Amina ne, ba ka san tsoro ba. Da muka zauna da direbobi a tasha suka ba mu labarin hanyar, na ga gefen hularka ya jiƙe. Ka ja ni gefe ka ce ka tuna uwargida ta ce kada ka yi nisa.

A nan zan ajiye wasa kaɗan, don ban ga laifinka ba. Kagara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, ita ce ta ba Hausa manyan marubuta biyu daga gida ɗaya. A nan aka haifi Imam a 1911, a gidan malanta. Amma yaron da ya tashi yau, in ya ji an ce Kagara, ba littafi ne ke fara zuwa ransa ba. Abin da zai tuna shi ne daren 17 ga Fabrairun 2021, lokacin da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke garin, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42, cikinsu har da ɗalibai 27 da malamai da iyalansu, sai bayan kwana 10 aka sako su. Imam ya bar wannan gari yana yaro ya tafi Katsina neman ilimi a zamanin da hanya ba kwalta. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙetare teku zuwa Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe wanda shi ma a Zungeru aka haife shi, nan kusa da Kagara. Ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Shi yaƙin duniya bai tare masa hanya ba, mu kuwa da kwalta da mota da waya a aljihu mun kasa kai wa mahaifarsa ziyara a cikin ƙasarmu. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya ba mutanen Kagara da maƙwabtansu zaman lafiya.

Sai muka juya ta Samaru da Giwa muka nufi Funtuwa, daga nan Malumfashi, muka ɓulla Gidan Mutum Ɗaya, muka miƙe ta Kankiya da Caranci har Katsina. Motarka ta ci gaba da shan ruwa a kowace ƙaramar hukuma ba tare da nuna bambanci ba.

A Katsina ne bakinka ya mutu. Tsohuwar Kwalejin Katsina na nan a tsaye, ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda in ka shigo daga rana sai ka ji sanyi ya ratsa ka tun daga bakin ƙofa. An kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, don horar da malaman makaranta. Imam ya shiga a 1927, ya fita a 1932. A cikin waɗannan shekaru Ahmadu Bello na ɗalibi a nan, Abubakar Tafawa Ɓalewa na ɗalibi a nan, Malam Bello Kagara kuma na cikin masu koyarwa, kafin daga baya ya zama Walin Katsina. Ka dubi 'yan ɗakunan nan ka yi lissafi: Firimiyan Arewa, Firayim Ministan Nijeriya, da aƙalla uku daga cikin marubutan gasar 1933, duk ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ina cikin wannan lissafi sai ka ce, “Ai kwalejin nan ma yanzu a Zariya take, ita ce Barewa.” Na gode da ka faɗa da bakinka. An ɗauke ta daga Katsina zuwa Kaduna a 1938, daga Kaduna zuwa Zariya a 1949. Aro na uku ke nan. Hukuma daga Kano, marubuci daga Katsina, kwaleji daga Katsina. Bazazzage, ranar da aka ce kowa ya zo ya ɗauki kayansa, me zai rage muku ban da fate da rake?

Wani dattijo da muka tarar a inuwa kusa da hasumiyar Gobarau ya ji muna musu, ya tambayi abin da ya haɗa mu. Da ka ce masa Imam na Zazzau ne, ya dube ka tun daga hula har takalmi, ya ce, “Yaro, a nan ya yi karatu, a nan ya koyar, a nan ya rubuta na farin. Ku dai kun ba shi masauki, Allah ya ba ku ladan baƙunta.” Ka waiwayo kana neman in kawo maka ɗauki. Ni da na zuba mai?

In ma hali za a bi, na fi ka hujja. Dubi yadda Imam ya gina Magana Jari Ce. Masana sun bi diddigi sun nuna wasu labaran daga Alfu Laila ya ɗauko su, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, shi kansa akun mai tsare mutum da labari asalinsa daga wani tsohon littafin Indiya ne. Ya saro haja daga nesa, ya kawo gida ya rina ta, ya kai ta mabuga, ya yi mata aikin wuya irin namu, har mai saye ya rantse a bayan gidansu aka saƙa ta. Sarki ya zama sarkinmu da fadawansa, ɓarawo ya zama ɓarawon kasuwarmu, wawa ya zama wawan unguwarmu. Wannan ai fatauci ne da rini, ka kuwa san garin da aka sani da su.

Duk da haka ba zan yi irin halinka in ce namu ne ba, adalcin ubangida ya hana. Zariya ta ba shi abin da marubuci ke bukata: injin buga littafi, da albashi, da abokan aiki masu gyara, da jaridar da ta kai alƙalaminsa har ƙauyen da mutum ɗaya ne ya iya karatu, sauran su kewaye shi suna saurare. A can ya yi mafi yawan rubutunsa, a can Allah ya karɓi ransa a 1981 yana da shekara 70. Da aka zo mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin a Kaduna ma, ɗanku ne marigayi Ƙasimu Yero ya yi fice a ciki. Wannan duk na ba ku, ban rage ko ƙwaya ba. Kagara ta haifa, Katsina ta koyar, Zariya ta ba da masauki da inji. Kano kuwa ta yi abin da ta saba, ta saya, ta sayar, ta kuma haifi masu ɗorawa. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da manyan kamfanonin buga littafi suka yi sanyi, matasan Kano ne suka riƙa buga nasu da kuɗin aljihunsu, irin su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Bala Anas Babinlata. Wasu masana suka sa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, mu kuwa muka karɓa hannu biyu, don a wurinmu kasuwa ba abin kunya ba ce. Daga cikin waɗannan marubuta aka samu masu shirya fim da ofisoshinsu suka cika Titin Gidan Zu, tafiyar ƙafa daga ƙofar gidana.

Mun dawo ta Tsanyawa da Bichi, muka shigo ta Dawanau, motar ta ƙarasa Tarauni a ɗaure a bayan wata a-kori-kura. Uwargida, 'yar'uwata, ta fito ta yi mana sannu da zuwa, ta ce, “Malam, ina tsaraba?” Ka rasa abin da za ka miƙa mata sai jarka. Alhaji Imam na littafi ya yi shekara da shekaru yana yawo, ya sha ɗauri ya sha duka, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ƙulla wa juna tsiya gari bayan gari, amma ya komo Kwantagora da ruwan da ya tashi ɗan sarki. Kai ka zaga Zariya da Katsina ka komo da ragowar ruwan lagireto.

Duk wannan da na yafe maka, ba don abin da na gani a falonka bayan sallar isha ba. Yaranka na zaune kowa da waya a hannu, autan na kallon katun. Na tambayi babban, wanda ke shirin jarrabawar fita sakandare, ko ya san Malam Zurƙe. Ya ce, “Kawu, a wane layi yake?” Na tambayi mai bi masa labarin aku da Waziri, ta ce ba ta ga fim ɗin ba tukuna. Na miƙa wa na ukun littafinka mai manja na ce ya karanta min sakin layi ɗaya, ya riƙa tuntuɓe yana tashi, daga ƙarshe ya ce a makarantarsu tara ake cin duk wanda aka kama yana Hausa. Kai kuma kana gefe kana wasa da carbi, ka ƙi haɗa ido da ni.

Kai da ke tare mutane a teburin mai shayi da sunan Imam, ka ƙona man ubangidanka kana neman sawunsa a garuruwan mutane, alhali a gidanka ko labarinsa ba a ji ba. Kada kuma masu karatu su yi maka dariya da yawa, don in aka shiga gidaje a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hotoro da Darmanawa aka yi wannan tambaya, Kanawa da yawa za su sunkuyar da kai tare da kai. Mun iya musun na wane gari ne, karatun ne muka bari. Mun san darajar gidajen 'yan siyasa: Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano na nan a Gwammaja, Gidan Arewa na Sardauna na Kaduna, kabarin Tafawa Ɓalewa na Bauchi, 'yan makaranta na zuwa mota-mota. Mutumin da ya koya wa Arewa daɗin karatu da harshenta ya cancanci irin wannan gata: ɗaki a Zariya da yaro zai shiga ya ga bugun farko na littattafansa da tsofaffin kofen Gaskiya, da allo a Katsina da Kagara mai bayanin abin da ya yi a wurin, wanda ɗan acaɓa ma zai iya kai baƙo. Wannan aikin gwamnatoci ne da jami'o'i da masarautu, muna kuma roƙon su. Amma masu cika gidan Dickens a Landan sai da suka karanta shi kafin su sayi tikiti. Yaron da bai taɓa yin dariyar Zurƙe ba, ko ka kai shi ƙofar gidan Imam, bango kawai zai gani.

Saboda haka ga hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara. Na ɗaya, ka mayar wa makarantar nan littafinta, ka haɗa mata da sabo. Na biyu, kuɗin sharar da ka saba kawo min a watan Cika-ciki, kamar yadda bawa ke yi wa ubangidansa, bana na yafe tsabar. Ka shiga Sabon Gari ko Kurmi wurin masu littattafai, ka sayo Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce duka ukun, kashi biyu, ɗaya gidanka ɗaya gidana. Na uku, kowane dare bayan isha a kife wayoyi, yaro ɗaya ya karanta labari ɗaya da ƙarfi, kai kuma ka yi shiru ka saurara, ko da yake na san wannan ne zai fi ba ka wuya. Na huɗu, motar nan ka kira 'yan gwangwan su yi mata kuɗi.

Masu karatu kuma, Kanawa da Zage-zagi da Katsinawa da mutanen Neja, duk mai yaro a gida ya yanke wa kansa wannan hukunci tun kafin a yanke masa. Kai kuwa Bazazzage, fili a buɗe yake, in kana da amsa ka rubuto mako mai zuwa. Sai dai ka ba 'yar'uwata ta duba maka kafin ka aiko, kada edita ya kwana yana raba maza da mata.

Naka, ubangidanka na Gyaɗi-Gyaɗi.